Sadakar Mutum Arba'in a Ƙarƙashin Sunana

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe sauran abin da ke kaina, da safiyar da aka tsayar da ni gaban ma'aikata a Gurda ana yabona a kan kyauta, alhali ko girshi ɗaya bai fita daga aljihuna ba. Na daɗe ina ba jikokina labarin zamana a Libiya, ina ƙara masa gishiri yadda nake so, amma wannan yanki kullum tsallake shi nake yi. Yau dai zan faɗe shi, tunda yawancin waɗanda suka ga abin da idonsu sun riga mu gidan gaskiya.

A shekarun nan ne da fari ya ƙarar mana da dabbobi a ƙasar Damagaram, su kuwa mutanen Libiya man fetur ya buɗe musu, ko'ina ka duba gini ake yi. Duk namijin da ke da sauran ƙarfi ya hau kamyo, wato babbar motar kaya, ya keta hamada. Ni ma na bi sahu, na sauka Sabha da riga biyu da takardar shaidar cewa na yi aji uku a lakwal, wato makarantar boko (na fi ji da takardar nan fiye da rigunan). Na sami aiki a wani kamfani da ke gina gidaje a unguwar Gurda. Da aka lura ina iya rubuta suna ba tare da na zaro harshe waje ba, sai aka ɗauke ni daga dakon bulo aka mai da ni kabran, wato shugaban leburori. Mutum arba'in da ɗaya ne a ƙarƙashina, kusan dukkansu 'yan ƙasarmu.

Muƙamin nan ya shiga kaina, ba zan ɓoye ba. Biro uku nake jerawa a aljihun gaba, biyu daga ciki ba sa rubutu. Na sayi agogo mai sarƙa, ina yawan duba shi ko ba wanda ya tambaye ni lokaci. Larabcina bai wuce na sayen burodi ba, amma duk abin da aka faɗa mini a ofis sai in gyaɗa kai in ce "bahi, bahi", yadda mutanen garin ke cewa to madalla, don kada a gane ban ji ba. Ban kuma jure a yi mini gardama a gaban mutane, ko da mai gardamar ya haife ni.

A cikin mutanena akwai Mamman Mai Rijiya, mutumin wani ƙauye ne kusa da namu. Ya girme ni da kamar shekara goma, gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya magana sai an tambaye shi. Haƙar rijiya ce sana'arsa a gida, don haka ranar Juma'a da ba a aiki, sai ya tafi ƙauyukan Wadi Bawanis ya yashe wa manoma rijiyoyinsu, ya ƙara a kan abin da yake aika wa matarsa da 'ya'yansa biyar. Wata Juma'a rijiya ta rufta da shi. An tono shi da rai, amma ƙafar dama ta niƙe, a likita suka yanke ta daga gwiwa.

Na je duba shi bayan kwana uku. Bai yi kuka ba, bai kuma yi ƙorafi ba. Abin da ya fara tambayata shi ne ko na rubuta masa aikinsa na ranar Alhamis. Da muka ɗan zauna sai ya ce shi dai gida yake so ya koma. Mai ƙafa ɗaya ba ya shiga rijiya, ba kuma zai yi noma a ƙasar da ta gagari masu ƙafa biyu ba. In da zai sami abin da zai kafa tebur a kasuwa, ya riƙa sayar da sukari da shayi da sabulu da ashana, to yaran za su ci abinci. Iyakar burinsa ke nan a duniya, tebur guda da kaya a kansa.

Kamfani ya ce ba a bakin aikinsa Mamman ya ji rauni ba, don haka babu diyya. Haj Barka ne ya nuna mini wata ƙofa. Shi ne magatakardan kamfanin, mutumin Fezzan ne baƙi kamarmu, kakarsa daga ƙasar Hausa take, kuma a wurinta ya tsinci 'yar Hausar da yake yi. Ya ce akwai wani tsari daga babban ofis a Tarabulus: idan ma'aikata suka haɗa gudummawa don taimakon wani mabukaci, kamfani yana ɗora kwatankwacin abin da suka bayar. Dinari ɗaya ya zama biyu ke nan. Sharaɗin shi ne kowa a rubuta sunansa da abin da ya bayar, ya dangwala yatsa. Ya ɗauko takardar tsarin, shafi biyu ce, ya fara karanta mini a hankali yana fassarawa. Kafin ya juya shafi na biyu na riga na ce "bahi, bahi" na fizge takardar cikewa daga gabansa. Ya ce zai yi tafiyar mako guda zuwa Tarabulus, in tara kafin ya dawo.

Da hutun azahar na tara mutanena a inuwar ɗakin siminti na yi musu bayani. Da suka ji za a taimaki Mamman, kowa ya yi na'am. Da suka ji za a rubuta suna, sai fuskoki suka canza.

Baba Ilu ne ya yi magana. Tsohon magini ne, shi ne babba a cikinmu, shi ke ja mana salla a wurin aiki. Ya ce sadaka tsakanin mutum ce da Ubangijinsa, ba a kai ta ofis a buga mata hatimi. Wani ya ƙara da cewa a ƙauyensu ba a taɓa rubuta sunan mutum a littafin Nasara alheri ya biyo baya ba, ko lanho ne, wato haraji, ko aikin dole. Akwai kuma abin da ba wanda ya faɗa amma kowa ya sani: mai rabin dinari ba ya son a jera shi kusa da mai dinari biyar. Da na zauna na yi musu bayani cewa sunan nan shi ne zai ninka wa Mamman kuɗin, da sun yarda, don ba mahaukata ba ne. To amma an yi mini gardama a gaban jama'a, raina ya ɓaci, ga kuma wata dabara da ta faɗo mini. Na ɗaga hannu irin na manya na ce su bar mini komai, ba sunan wanda zai fito.

Haka suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya. Wani ya tare ni a bayan tarin yashi, wani ya dunƙula mini a cikin musafaha, kowa da kalmarsa guda: kada ka rubuta ni. Akwai wanda ya sayar da bargonsa ya kawo kuɗin. Akwai wanda ya warware layar da ya ɗinke guzurin komawarsa gida a ciki. Baba Ilu ya kawo ladan aikinsa na mako guda cur a ƙulle cikin tsumma, ya ajiye kusa da ƙafata ya wuce kamar ba shi ba. Don kada lissafi ya ɓace mini, ina rubuta kowa da abin da ya kawo a wani yagaggen buhun siminti da nake ninkewa a aljihun wando. Mutum arba'in, ba wanda bai bayar ba.

Nawa fa? Na ce sai a ƙarshe zan saka, in na ga jimilla sai in cike ta ta zama lamba mai kyau. Gaskiyar magana, a makon nan na sayi rediyo mai kaset, aljihuna ya yi sauƙi. Kullum sai in ce gobe (a fannin gobe ban taɓa ganin wanda ya kai ni kyauta ba).

Kuɗin suka tashi dinari ɗari biyu da 'yan kai. Na shimfiɗa takardar kamfani, mai layuka da yawa, na cike layi ɗaya tak: sunana, jimillar kuɗin gaba ɗaya, da dangwalen babban yatsana. Na gaya wa kaina cewa asirin mutane nake rufawa. Rabin wannan gaskiya ne. Ɗaya rabin kuwa, na daɗe ina kallon yadda sunana ya zauna daram kusa da lambar nan, ya yi mini kyau ƙwarai. Da na jira Haj Barka ya dawo, da abin ya tsaya tsakaninmu mu biyu. Ban jira ba. Na goge takalmina na kai wa mudir da kaina, wato shugaban aikin, wani dogon Bature da rana ta mai da ja kamar gauta.

Da Asabar ta zo, ranar da mako ke farawa a can, muna tsaye a fili ana kiran suna, sai ga mudir ya fito da takardar a hannu, direbansa mai jin Hausa na biye don ya fassara. Ya kira ni gaba. Ya dafa kafaɗata ya yi dogon jawabi. Direban ya ce, in ji mudir, ya yi aiki a ƙasashe da yawa bai taɓa ganin zuciya irin tawa ba, mutum ya ɗauki albashinsa na wata uku ya ba ɗan'uwansa. Daga nan ya juya kan sauran, fuskarsa ta ƙara ja. Ya ce mutum arba'in suna tsaye a nan, sun ci abinci kwano ɗaya da Mamman, amma ko ɗaya bai iya ba da girshi ba. Ya ce su ji kunya. Sannan ya ce a tafa mini.

Suka tafa. Wanda ya sayar da bargo ya tafa, wanda ya warware laya ya tafa. Ba wanda ya iya cewa uffan, don su da bakinsu suka ce kada a ambace su.

A nan ne ya kamata in buɗe baki in ce ranka ya daɗe, ba haka ba ne. Kalma bakwai ta isa. Na buɗe bakin kuwa, amma ga abin da ya fito:

"Ai ba komai, Mamman ɗan'uwa ne. Ina fata wasu za su yi koyi."

Wasu za su yi koyi! Ban san daga ina maganar nan ta fito ba, amma muryata ce, kowa ya ji ta. Baba Ilu ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, sannan ya mai da idonsa ƙasa. Da azahar na je cin abinci inda muka saba zama mu zagaye faranti ɗaya na taliya, sai aka matsa mini wuri mai faɗi, faɗin da zai ɗauki mutum uku. Ba wanda ya zage ni. Ba kuma wanda ya miƙo mini kofin shayi.

Ranar Litinin Haj Barka ya dawo. Ko awa ɗaya bai yi a ofis ba ya aiko kirana. Na tarar da takardata a gabansa, ya cire tabarau yana murza ido.

"Kai ya ji shafi ɗaya," in ji shi da Hausarsa ta kaka. "Shafi biyu kai bai ji ba. Kai ya ce bahi, ya gudu."

Ya juya takardar tsarin ya ɗora yatsa. A shafi na biyu an ce kamfani yana ninka wa kowane ma'aikaci abin da ya bayar, amma iyakarsa ladan aikinsa na mako guda. Mutum arba'in, kowa da ɗan abin da ya kawo, duka za a ninka. Mutum ɗaya da ɗari biyu, ladan makonsa kawai za a ɗora, sauran ko oho. Wato da layin nan guda da na cike, na mai da ɗari biyun da kamfani zai ba Mamman abin da bai kai ashirin ba. Bai ma tambaye ni ko daga aljihuna kuɗin suka fito ba, don shi ke biyana albashi, ya san abin da nake samu. Ya ce ranar Alhamis da azahar zai rufe littafi, takardu su bi jirgi zuwa Tarabulus, kuma ba a buɗe wa mutum ɗaya sau biyu. In kawo mutanen kowa ya dangwala yatsa, in kuma je in gaya wa mudir gaskiya. Na ce bahi. Wannan karon na ji abin da aka faɗa sarai.

Kwana uku ke nan a hannuna, aikin kuwa bai fi na rabin sa'a ba. Ranar Litinin na ce sai an tashi aiki, da aka tashi na ce mutane sun gaji. Ranar Talata na tafi musamman wurin Baba Ilu yana ɗora bulo, na tsaya a bayansa, na yi gyaran murya. Ya juyo. Sai na ji kaina ina tambayarsa ko yashin da aka kawo jiya yana da kyau. Ya ce yana da kyau. Na ce madalla, na wuce. Abin da ke riƙe ni ba tsoron mudir ba ne, ba kuma tsoron rasa muƙami ba. Kunya ce tsagwaronta: yadda zan tsaya gaban mutanen da na ce su yi koyi da ni in ce ina roƙon sunayensu.

Ranar Laraba da safe umarni ya zo daga ofis cewa a tura mutum ashirin da biyar aikin hanya wajen Murzuk, za su yi wata biyu. Ni ne kabran, ni na tsaya a gindin motar ina kiran sunayensu suna hawa. Takardar cikewa sabuwa tana aljihuna, Haj Barka ya ba ni tun Litinin, har da ɗan akwatin tawadar dangwale. Direban motar ya tsaya shan shayi ya fi minti ashirin. Na tsaya ina duba agogo, ina cewa a zuciyata yanzu zan yi magana, bari wancan ya gama ɗaure kayansa. Motar ta tashi. Na ɗaga musu hannu na ce Allah ya kiyaye hanya. Wannan shi ne abin da ya fi komai muni a cikin labarin nan, ya fi jawabin ranar Asabar, don a lokacin na san abin da nake yi.

Alhamis da hantsi Haj Barka ya gaji da jirana. Ya sa aka fito masa da tebur da kujera tsakiyar fili, ya buga ƙarfen da ake bugawa in za a tashi aiki. Mutum goma sha biyar da suka rage suka taru. Mudir ya fito ya tsaya a bakin ƙofar ofis don ya ga abin da ake yi. Haj Barka bai zage ni ba, bai ma dube ni ba. Ya bayyana musu shafi na biyu da 'yar Hausarsa, ya ce ya san kuɗin na jama'a ne, in ba suna ba ninki, kuma saura sa'a biyu. Sannan ya maimaita da Larabci ga direba, direba ya juya wa mudir.

Baba Ilu ya goge hannunsa a jikin riga, ya tako gaban teburin, amma ni ya fuskanta.

"Ɗana," ya ce, "da ka gaya muna tun farko sunan nan abincin 'ya'yan Mamman ne, wa zai ƙi? Ladan ɓoyewa muke nema, ba yunwar yara ba. Jiya kuma da mutane ke hawa mota, ka sani?"

Na ce na sani.

Ya juya ga teburin. Ya faɗi sunansa da sunan ubansa da abin da ya bayar, da ƙarfi yadda kowa zai ji, shi da ya ajiye kuɗin a tsumma don kada a gan shi, ya dangwala yatsa. Sauran suka bi layi. Mai rabin dinari ya faɗi rabin dinarinsa kansa a sunkuye. Ni na jawo musu wannan tonon asiri, kuma ina tsaye a gefe da birona uku.

Da suka gama, Haj Barka ya ce yana bukatar sanin na waɗanda suka tafi, ko da ba za a ninka ba, don lissafi ya daidaita. Na zaro yagaggen buhun simintin nan na miƙa masa. Ya shimfiɗa shi a kan tebur yana karantawa yana tarawa, suna bayan suna, har arba'in. Ya ja layi. Jimillar ta fito daidai da abin da na kai ofis, ba ragi ba ƙari. Ya juya takardar ya duba bayanta, ya sake juyowa. Sannan ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

"Kai fa? Suna naka ina?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Har zuwa lokacin mutanen nan suna zaton na haɗa nasu da nawa ne na ci yabon duka. Ba wanda ya taɓa kawowa a ransa cewa babu nawa a ciki sam. Na shiga lalube aljihu a gabansu. Na fito da mataji, na fito da makullin akwati, na fito da 'yan tsabar da ba za su sayi burodi uku ba. Da na rasa abin yi sai na kwance agogona na ajiye a kan tebur. Haj Barka ya tura mini shi da bayan biro, ya ce kamfani ba ya ninka agogo. In ina so, ya rubuta a cire ladan mako guda daga albashina. Na ce a cire. Ya rubuta, ya karanta da ƙarfi, na dangwala yatsa a layi na goma sha shida. Da wani ya yi dariya da na ji sauƙi, amma ba wanda ya yi. Da na waiga, mudir ya riga ya shige ofis ya rufe ƙofa.

Asabar ta gaba na koma dakon bulo, wannan kuwa ban ga laifin kowa ba. Abin da ya fi ciwo shi ne lissafin da ya dawo daga Tarabulus. An ninka na mutum goma sha shida. Na ashirin da biyar ɗin da na ɗaga wa hannu ya tafi yadda ya zo, fiye da dinari ɗari ke nan da Mamman bai samu ba. In aka cire kuɗin mota da na wanda zai raka shi da abin da za a ci a hanya, ɗarin nan ita ce kayan da za a ɗora a kan tebur.

Baba Ilu ya hana kowa gaya wa Mamman. Ya ce mutumin da zai keta hamada da ɗanyen rauni bai kamata a ɗora masa ɓacin rai ba. Shi kuwa Mamman labarin farko ya riga ya kai masa tun yana kwance, direban mudir ya je ya ba shi da zafinsa, cewa kabran ya ba da albashin wata uku shi kaɗai. Ranar tafiyarsa muka raka shi tasha da safe, muka ɗaga shi mu huɗu muka ɗora a kan buhunan kaya. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ƙi saki. Mutumin da ba ya magana sai ga shi yana ta zuba addu'a, ya roƙa mini arziki, ya roƙa wa iyayena aljanna, ya ce Allah ya sa in gama da duniya lafiya. Mutanen da ke tsaye a bayana suna cewa amin. Na fi jin muryar Baba Ilu.

Sai bayan shekara biyu na koma gida. Ranar kasuwar ƙauyensu na shirya na tafi, na same shi zaune a ƙasa a gefen masu sayar da awaki, sandarsa a jingine, yana tufka igiya yana sayarwa. Babu tebur. Ya ce ya fara da ɗan abin da ya iso da shi, tire guda na sukari da ashana, amma kafin damina yara sun cinye jarin, don ba a kallon yaro yana kuka a ce masa wannan kuɗin kaya ne. 'Yarsa ƙarama ta rasu a shekarar. Ya faɗa mini haka yana ci gaba da tufka, ya ce haka Allah ya so.

Na durƙusa a gabansa na gaya masa komai, tun daga shafi na biyu har motar Murzuk, ban rage ko ɗaya ba. Na ce ko girshi ban bayar ba sai da aka tsare ni, kuma ni na hana shi teburinsa. Ya saurare ni har na gama. Sai ya yi murmushi, ya taɓa mai sayar da akuya da ke kusa da shi, ya nuna ni.

"Ka ga mutumin da nake ba ka labari," ya ce. "Haka mutanen kirki suke. Sun bayar, kuma su zo suna musu don kada ladan ya ragu."

Na rantse masa, ya ce in daina rantsuwa a kan abin da kowa ya sani. Ya zaɓi igiya mafi kyau a cikin tarin ya ba ni kyauta, na kawo kuɗi ya ɓata rai.

Darasin da na ɗauka ba mai yawa ba ne, kuma na same shi a makare. In aka yabe ka a kan abin da ba ka yi ba, ka mai da shi nan take kana tsaye, kafin ya yi daɗi a kunne, don wani ne zai biya kuɗinsa. Ni na sha yabon, Mamman ya biya, kuma har ya bar duniya shi ne ke yi mini godiya.